Bashin da unguwannin talakawa ke bin jami'a

Hajiya Binta

Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini rai, kuma na san a cikinmu akwai malaman jami'a da ɗalibai da ma'aikatan ƙungiyoyi, shi ya sa na ga ya dace in kawo ta gabanku. Shekara 11 ke nan ina aiki da wata ƙungiyar farar hula da ke hulɗa da mazauna unguwannin talakawa a cikin birni, irin unguwannin da ba su cikin taswirar hukuma, ba su da magudanar ruwa, ba su da takardar mallakar fili, kuma kullum da fargabar rusau ake kwana a cikinsu. A makon jiya na raka wasu ɗalibai huɗu da suka zo cike takardun tambayoyi domin kundin digirinsu. Muka tsaya a ƙofar wata dattijuwa, ta amsa musu komai cikin haƙuri: mutum nawa ke kwana a ɗakin, ina ake ɗebo ruwa, gida nawa ke amfani da masai ɗaya. Da suka gama sai ta shiga ciki ta fito da wata tsohuwar leda, ta zazzage takardun neman izini guda bakwai da masu bincike daban-daban suka sa ta dangwala wa yatsa a shekarun baya. Ta ce, "Duk waɗannan abin da kuka tambaye ni suka tambaya, amma har yau ko ɗaya bai dawo ya gaya mini abin da ya gano ba."

Ɗaliban sun yi shiru, ni ma na rasa abin da zan ce mata. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa sama da mutum biliyan ɗaya ne ke zaune a irin waɗannan unguwanni, kuma hasashenta shi ne kashi 68 cikin ɗari na al'ummar duniya za su kasance a birane nan da shekarar 2050. Jami'o'i da yawa katanga ce kawai ta raba su da waɗannan mutane. To, mene ne haƙƙinsu a kan jami'a? Ko kuwa ba su da wani haƙƙi face su zama abin nazari?

Dakta Sani

Wa alaikumus salam Hajiya. Labarin dattijuwar nan ya taɓa ni, domin ni ma na tura ɗalibai irin wannan aiki, kuma ban tabbatar da sun koma da sakamakon ba. Wannan kuskure ne, na amsa shi. Sai dai ina roƙon a yi wa jami'a adalci. Aikinta na asali koyarwa ne da bincike, kuma a ƙasashe masu tasowa da yawa ko waɗannan biyun da ƙyar take sauke su, ga azuzuwa cike maƙil, ga ɗakunan gwaji babu kayan aiki. Malami ba ya samun ƙarin girma don ya shafe wata shida yana zama da mutanen unguwa. Abin da kwamitin ƙarin girma ke ƙirgawa shi ne maƙalu nawa ya buga a mujallun ilimi. Haƙa magudana da samar da ruwan sha nauyi ne da ke kan gwamnati, ita ke karɓar haraji. Ina jin tsoron idan aka ɗora wa jami'a kowane nauyi, za ta bar nata ta kuma kasa sauke na wasu.

Injiniya Habu

Dakta, Allah ya ƙara basira, amma ban ji Hajiya ta ce jami'a ta ɗauki shebur ba. Bari in kawo misalin da ya fi kusa da fannina, domin ina ganin zai raba mana gardama a kan irin gudummawar da mai ilimi zai iya bayarwa.

A shekarar 1980 Dakta Akhtar Hameed Khan ya fara aikin da aka sani da Orangi a birnin Karachi na Pakistan, a wata makekiyar unguwa da hukuma ba ta kai mata bututun ƙazantar ruwa ba. Bai zo da kuɗin gina wa kowa komai ba. Abin da ya lura da shi shi ne mutanen da suka iya gina gidajensu da guminsu za su iya shimfiɗa bututu a layinsu, idan aka kawar musu da cikas biyu: tsadar tsarin da 'yan kwangila ke bi, da rashin wanda zai auna musu ƙasa. Sai aka tsara aikin layi-layi. Kowane layi mai gidaje 20 zuwa 40 ya zaɓi shugabansa, ya tara kuɗinsa, ya yi aikinsa, ma'aikatan shirin kuma suka ba da awo da zane da ƙiyasin kayan aiki da aron kayan gini. An raba nauyin gida biyu: masai na cikin gida da bututun layi na mazauna ne, manyan bututu da wurin tace ƙazanta na hukuma ne.

Duk wanda ya taɓa shimfiɗa bututu ya san inda gizo ke saƙar. Idan gangaren ya yi kaɗan, ƙazanta za ta kwanta ta toshe hanya. Idan aka fara daga inda bai dace ba, ruwan layin sama zai malale a ƙofar mutanen ƙasa, maƙwabta su shiga rigima. Mutanen unguwa suna da ƙarfi da niyya, kuma sun san inda ruwa ke taruwa idan an yi sama fiye da kowane baƙo. Abin da ba su da shi shi ne na'urar awo da wanda ya iya karanta ta. Wannan na'urar tana kulle a ɗakin ajiya na kowane sashen safiyo da injiniyanci, ɗalibai kuma kowace shekara suna fita da ita su auna filin ƙwallon jami'a wanda aka riga aka auna sau ɗari. Me zai hana wannan darasin ya koma layin da ke buƙatar awon? Koyarwar ba ta ragu ba, ɗalibin ma ya fi koyo, domin a nan kuskurensa yana da sakamako.

Malama Rabi

Ina so in ƙara wani abu daga ɓangaren tarihi, domin Dakta ya yi magana kamar hidima ga al'umma wani sabon kaya ne ake son ɗora wa jami'a. A 1884 aka buɗe Toynbee Hall a gabashin Landan, inda waɗanda suka kammala Oxford da Cambridge suka riƙa tarewa a tsakiyar talakawa. William Beveridge, wanda daga baya ya tsara tsarin walwalar jama'a na Birtaniya, ya yi aiki a can, haka ma Clement Attlee wanda ya zama firayim minista a 1945. A 1889 Jane Addams da Ellen Gates Starr suka kafa Hull House a Shikago, kuma mazauna gidan suka bi unguwar gida-gida suna rubuta abin da iyalai ke samu da yanayin aikinsu, suka fitar da taswirorin a 1895. A Ajantina kuwa, ɗaliban Jami'ar Cordoba da suka yi bore a 1918 sun sa fitar da ilimi zuwa ga jama'a a cikin buƙatunsu, kuma tun daga nan jami'o'in gwamnati da yawa a Latin Amurka suke ɗaukarsa a matsayin aiki na uku bayan koyarwa da bincike.

Amma kada in ɓoye rabin labarin. A yawancin waɗannan misalai na farko, masu ilimi ne ke yanke shawarar abin da talaka ke buƙata. Wanda ya fi amfana sau da yawa shi ne matashin da ya zo ya buɗe ido ya koma ya zama babban mutum. Unguwar ta koyar da shi, ita kuma ba lallai ne ta canza ba.

Malam Isa

Salamu alaikum. Ni ba ma'aikacin ƙungiya ba ne, ba kuma malami ba ne. Sakataren ƙungiyar mazauna unguwarmu ne, kuma unguwar irin wadda kuke magana a kanta ce. Na gode wa Hajiya da ta ɗauko zancen, amma da izininta zan ce ledar dattijuwar nan ba takardun jami'a kaɗai ke cikinta ba. Da za a duba da kyau, za a sami na ƙungiyoyi masu zaman kansu. Mun ga waɗanda suka zo da mota da kyamara, suka tara mata da yara a bakin kwata aka ɗauki hoto, aka yi taron bita na kwana biyu, aka kafa allo mai ɗauke da sunan shirin, bayan shekara biyu kuɗin mai tallafi ya ƙare, ba mu ƙara jin ɗuriyarsu ba. Allon yana nan har yanzu, ya yi tsatsa.

Abin da ya canza mana lamari shi ne ranar da muka ƙidaya kanmu da kanmu. Mun raba unguwar kashi-kashi, kowane kashi muka ba mutum uku, kuma dole ɗaya a cikinsu ta kasance mace, domin akwai ɗakunan da namiji ba zai shiga ba, akwai kuma maganar da mace ba za ta faɗa wa namiji ba. Muka riƙa rubuta lamba da fenti a jikin kowace ƙofa. Da muka gama, ba mu kai wa kowa ba tukuna. Sai muka manna jerin sunayen a bango na tsawon mako biyu, kowa ya zo ya duba. A nan ne wata bazawara ta nuna cewa mai gidan da take haya ya rubuta ɗakinta a matsayin wurin ajiyar kaya don kada sunanta ya shiga. Baƙo ba zai taɓa gano wannan ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Matsalar ta zo ne da muka kai littafin ofishin tsara birni. Jami'in ya jujjuya shi ya ce wa ya tantance waɗannan alƙaluma. Aikin wata uku ya zama kamar ba a yi ba, saboda babu sa hannun wanda suke ganin girmansa. A nan ne nake ganin jami'a za ta yi mana rana. Ba ma buƙatar a zo a gano mana cewa muna cikin talauci. Muna buƙatar wanda zai duba aikinmu, ya gyara inda muka yi kuskure, sa'an nan ya zauna kusa da mu a ofishin ya ce wannan ƙidaya sahihiya ce.

Hajiya Binta

Malam Isa, ka faɗi gaskiya, kuma ba zan kare ɓangarenmu ba. Tsarin tallafi na shekara biyu ko uku yana sa ƙungiya ta fi jin tsoron mai ba da kuɗi fiye da mutanen da take cewa tana yi wa aiki, kuma na sha rubuta rahoton da babu wani ɗan unguwa da ya taɓa ganinsa.

Abin da kuka yi yana da asali mai tsawo. A Mumbai ta Indiya, ƙungiyar SPARC da Sheela Patel da abokan aikinta suka kafa a 1984 ta ƙidaya masu kwana a gefen titi a 1985, iyalai kusan 6,000, a daidai lokacin da ake shirin kwashe su. Ƙidayar ta nuna cewa yawancinsu ma'aikata ne da suka daɗe a birnin, suna zaune kusa da wuraren aikinsu. Daga wannan aiki ne ƙungiyar mata ta Mahila Milan ta fito, suka haɗa hannu da ƙungiyar mazauna unguwanni da Jockin Arputham ke jagoranta a lokacin, kuma wannan salo na tara kuɗi kullum da ƙidayar kai shi ne ginshiƙin SDI, gamayyar ƙungiyoyin mazauna unguwannin talakawa ta ƙasa da ƙasa, da aka kafa a 1996. Abin da ya sa nake ambatonsa shi ne matsayin da ƙwararru suka ɗauka a can: suna bayan ƙungiyar mazauna, suna riƙe mata lissafi da takardu, ba su ne ke magana da yawunta ba.

Maryam

Iyayena da malamaina, ina neman izini in sa baki. Ina aji uku a sashen tsara birane, kuma har yau ban taɓa shiga irin unguwar Baba Isa a matsayin darasi ba. Duk zanen da muke yi na sabuwar unguwa ne a fili fetal, mai faffaɗan titi, alhali mun san yawancin mutanen da za mu yi wa aiki ba a irin wannan wuri suke zaune ba. Shin ba zai fi kyau a wajabta wa kowane ɗalibi yin hidima a irin waɗannan wurare kafin a ba shi digiri ba?

Dakta Sani

Maryam, tambayarki mai kyau ce, kuma an gwada hakan. A Meziko tun 1936 aka fara tura ɗaliban likitanci hidima ga jama'a, kuma a yau dokar ƙasar ta sa ɗalibi ya yi aƙalla awa 480 na hidima kafin ya karɓi shaidar digirinsa. A Tanzaniya, lokacin da ɗalibai suka yi zanga-zangar ƙin bautar ƙasa a watan Oktoba na 1966, Shugaba Julius Nyerere ya sallami kusan 400 daga cikinsu zuwa gida, bisa hujjar cewa da gumin talakawa ake ɗaukar nauyin karatunsu. Hujjar tana da ƙarfi, ban musa ba. Amma ni abin da nake gudu shi ne a saki ɗalibai ɗari biyar a unguwar Malam Isa, kowanne yana neman a sa masa hannu a takardar cika awa. Wannan zai ƙara wa dattijuwar Hajiya takardu ne a leda. Ɗalibi goma sha biyar da malami ɗaya da zai riƙa komawa wuri guda shekara biyar a jere sun fi amfani.

Na kuma saurari Injiniya da Malam Isa, kuma zan janye wani ɓangare na maganata ta farko. Tantance ƙidaya da auna gangaren ƙasa ba fita daga aikin jami'a ba ne, bincike ne da koyarwa. Inda har yanzu nake tsaye shi ne batun lada. Muddin malamin da ya yi wannan aiki zai zauna a matsayi ɗaya shekara da shekaru, abokinsa da bai taɓa fita daga ofis ba yana wuce shi, to 'yan ƙalilan ne masu sadaukarwa za su yi, kuma idan sun gaji ko sun yi ritaya aikin ya mutu.

Malama Rabi

Game da koken Maryam, ƙungiyar makarantun tsara birane ta Afirka ta rattaba hannu a kan yarjejeniya da SDI a 2010 saboda wannan giɓin, aka riƙa haɗa ɗalibai da mazauna unguwanni a darasi ɗaya, kamar yadda aka yi da Jami'ar Makerere a Yuganda. Misali mafi girma da na sani shi ne Mukuru a Nairobi, unguwa mai iyalai kusan 100,000. Ƙungiyar mazauna ta Muungano wa Wanavijiji da abokan aikinta, tare da masu bincike daga Jami'ar Nairobi da Jami'ar Strathmore da Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley, sun tattara bayanan da suka nuna cewa talakan Mukuru yana biyan kuɗin ruwa da wuta fiye da mai hali da ke unguwar da hukuma ta tsara, kuma abin da yake samu bai kai nasa inganci ba. Wannan hujja ta taimaka har gwamnatin birnin ta ayyana Mukuru a matsayin yanki na tsari na musamman a 2017. Wannan shi ne abin da Malam Isa yake nema: aikin mazauna, da sa hannun da hukuma ba za ta iya watsar da shi cikin sauƙi ba.

Injiniya Habu

Malama, haka ne, amma a ƙarshen 2021 an yi rusau a Mukuru Kwa Njenga, dubban mutane suka rasa matsuguni, duk da wancan tsari. Ina faɗar haka ne don kada ɗalibai irin su Maryam su ɗauka taswira garkuwa ce. Taswirar da ke nuna inda za a sa bututu ita ce kuma ke nuna wa mai kwaɗayin fili girman wurin da iyakarsa. Perween Rahman, wadda ta jagoranci aikin Orangi kuma ta shafe shekaru tana rubuta bayanan filayen talakawa a kewayen Karachi, harbe ta aka yi a watan Maris na 2013 tana hanyar komawa gida daga aiki. Duk malamin da zai shiga wannan fage ya sani cewa maganar fili ce, kuma a maganar fili akwai masu ƙarfi da ba sa son a ƙirga kowa.

Malam Isa

Injiniya ya taɓo abin da ya hana mu barci lokacin ƙidayarmu. Akwai waɗanda suka ƙi a shafa musu fenti a ƙofa, domin a tunaninsu lamba a jikin gida alamar rusau ce, kuma ba za ka ce ba su da dalili ba. Shi ya sa sharaɗinmu na farko ga duk wanda zai yi aiki da mu shi ne littafin sunaye yana hannunmu. Jimillar alƙaluma za a iya fitar da ita, amma sunan wane da ɗakin wance ba ya barin unguwa, ba a sa shi a intanet, ba a liƙa shi a bayan kundin digiri.

Akwai kuma wata magana da ban ji kowa ya ɗauko ba. Mata da yawa a unguwarmu su ne ke sharar azuzuwa da ɗakunan kwanan ɗalibai, ta hannun 'yan kwangila, kuma wani lokaci sai a haɗa musu watanni ba a biya ba. Jami'ar da ke son yaƙi da talaucin birni tana iya farawa da duba takardar albashin masu share mata ofis.

Malama Rabi

Wannan magana ce babba, Malam. Jami'a maƙwabciya ce, mai fili ce, kuma mai ɗaukar ma'aikata ce, kafin ta zama mai bincike. A 1968 ɗaliban Jami'ar Columbia a New York sun mamaye gine-ginen makarantar, kuma ɗaya daga cikin dalilansu shi ne shirin gina zauren motsa jiki a filin shaƙatawa na Morningside, wanda mazauna Harlem ke amfani da shi, tare da ware wa mutanen unguwa wata ƙofa ta daban daga ƙasa. Daga baya jami'ar ta yi watsi da shirin.

Dakta Sani

Malam Isa, a zangon karatu mai zuwa ni ne zan ɗauki darasin aikin fili na 'yan aji uku. Idan ƙungiyarku ta amince, ina so in nemi izinin sashe mu ɗauki ƙidayarku a matsayin aikin zangon: mu zaɓi wasu gidaje mu sake bi tare da mutanenku don tantancewa, mu ɗora lambobin ƙofofin a kan taswira, sa'an nan in raka ku ofishin da kaina. Ba zan yi alƙawarin abin da hukuma za ta yanke ba, kuma ban san ko sashe zai ba da motar kai ɗalibai ba.

Malam Isa

Dakta, na gode, amma ba ni kaɗai zan amsa ba. Sai na kai maganar taronmu na ƙarshen wata, kuma matan da suka yi ƙidayar su ne za su fi yin tambayoyi. Idan sun yarda, ina da roƙo biyu bayan na littafin sunaye. Na farko, ranar da ɗalibai za su gabatar da sakamakonsu, a yi shi a unguwa, da harshen da mutane ke ji, kafin a yi shi a gaban masu ba da maki. Na biyu, akwai samari biyu da wata yarinya a cikinmu da suka gama sakandare, su ne suka zana mana taswirar farko da hannu. Ina so a bar su su riƙe na'urar awon tare da ɗalibanka har su iya, domin akwai layuka tara a gefen rafi da ba mu kai gare su ba, kuma zangonku zai ƙare kafin a gama su.